Kaka ta rasu da tarin shekaru da tarin hidima: ta ina ake fara tattara tarihinta?

Zulaihat:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sani ce. Kusan kowace zuri'a tana da irin tsohuwar nan: ta ga jika, ta ga tattaɓa-kunne, ta shafe shekara arba'in ko hamsin tana jinyar marasa lafiya a unguwa, tana riƙon marayu, tana sasanta ma'aurata, ba albashi ba takarda. Ranar da ta rasu kowa na cewa "ai uwa ce ga kowa". Bayan shekara biyar kuma da wuya a samu jikan da zai lissafa abu uku takamaimai da ta yi. Idan iyali na son tarihinta ya zauna a rubuce, da murya da hoto, me za su fara yi, me za su bari sai daga baya? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. A jera aikin bisa abin da zai fi saurin ɓacewa, ba bisa abin da ya fi sauƙi ba. Yawancin iyalai da hotuna suke farawa, don suna cikin akwati, ba sai an je gidan kowa ba. Alhali hoton da ya kwana shekara arba'in a akwati zai iya ƙara wata shida. Ƙawarta mai shekara 85 kuwa ba wanda ya ba ku tabbacin wata shidan nan.

Mutanen da za a nema kashi uku ne. Sa'o'inta da ƙannenta, su ne kaɗai suka san ta kafin ta zama uwar kowa. Sai waɗanda suka yi aikin tare da ita: matan ƙungiya, ma'aikatan jinyar da ta riƙa kai wa marasa lafiya, malaman makarantar da ta riƙa kai yara. Sai waɗanda suka amfana. 'Ya'yanta su zo daga ƙarshe, kuma ba raini ba ne. Ɗa ya san uwarsa ta fita da safe ta dawo da yamma a gajiye, amma bai san ƙofar da ta ƙwanƙwasa ba.

Nura:
Malam, da izininka akwai abin da ya riga ƙawayen ma gaggawa: wayarta. WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau intanet da shi ba. Google ma, tun Disamban 2023, yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Layin kuma idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake ba wani lambar, sabon mai lambar ya buɗe nasa WhatsApp a kanta, shi ke nan.

Don haka a makon farko: kada a ba jika wayar, kada a mayar da ita kamar sabuwa, a ci gaba da yi mata caji. Idan akwai lambar sirri kuma ba wanda ya sani, kada a yi ta gwadawa da ka, wasu wayoyin kan kulle kansu, wasu ma an saita su su goge komai bayan kuskure goma. Idan ta buɗe, a haɗa ta da kwamfuta a kwafe hotuna da saƙonnin murya, sannan a shiga manyan hirarrakinta ɗaya bayan ɗaya a fitar da su tare da muryoyin da ke ciki.

Kuma a duba jerin lambobinta da kiran da ta yi a watannin ƙarshe. Ko ƙaramar waya ce mai madannai, wannan jerin shi ne jerin shaidun da Malam ke magana. Lambar da ta kira sau da yawa kuma ba wanda ya san mai ita a gidan, a fara da ita.

Hajiya Rakiya:
Madalla da Nura. Ni kwanakin makoki zan yi magana a kai, don ba ranar da mutanenta za su sake taruwa haka. Sai dai ba ranar hira ba ce. Wanda ya tura wa mai kuka waya a baki ya ce ta ba da labari, ya ɓata aikin tun kafin a fara, kuma ba za ta sake buɗe masa ƙofa ba. A ajiye littafi mai kauri da biro a hannun mutum ɗaya mai natsuwa. Abu huɗu kawai zai rubuta: suna, lamba, inda mutum yake zaune, da layi ɗaya na "ta ina kuka san ta". Bayan mako huɗu ko shida sai a fara bi.

Mai littafin ya sa ido kan baƙin fuska. Za ku ga mace ta shigo ta zauna can bakin ƙofa kusa da takalma, ba ta gaisa da kowa sosai ba, ta fi wasu dangin ma kuka, kafin a ankara ta miƙe. Wannan kada a bari ta fita ba a karɓi lambarta ba. Galibi irinta ce ta san abin da 'yan gida ba su sani ba.

Baba Ɗanjuma:
Kafin ku yi nisa, a gyara maganar shekaru, don a nan ake fara zuba ƙarya cikin littafi da kyakkyawar niyya. Duk tsohuwar da ta rasu sai ka ji 100, 110, 120. Mutumin da aka tabbatar da takardu ya fi kowa daɗewa a duniya ita ce Jeanne Calment ta Faransa, an haife ta 1875, ta rasu 1997, shekara 122. Idan iyali suka rubuta 125 sun ce kakarsu ta wuce duk ɗan Adam ɗin da aka taɓa tabbatarwa ke nan. Masu ƙidayar jama'a sun daɗe da sanin cewa inda ba takardar haihuwa, mutane kan tara shekarunsu a kan lambobin da suka ƙare da 0 ko 5, tsofaffi kuma kan ƙara, ba su ragewa.

Ga yadda ake kusantar gaskiya. A nemi abin da ya faru wanda duniya ta san shekararsa, a haɗa shi da wani mataki na jikinta. Misali, in ta saba cewa tana famfara aka ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare: yaƙi ya ƙare 1945, yaro kan fara famfara a shekara 6 zuwa 7, haihuwarta ta faɗa 1938 ko 1939. Husufin rana ma shaida ne mai kyau ƙwarai, don masana taurari suna da ranar kowane husufi da wuraren da aka gan shi. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana 1910 da 1986. Saukar mutum a duniyar wata 1969.

Sai a gwada da 'ya'yanta. A ce ɗan farinta takardar makarantarsa ta nuna an haife shi 1957, autarta 1978. In an haife ta 1938, tana da 19 a haihuwar fari, 40 a ta auta. Lissafi ya zauna. In kuwa ta rasu 2024 aka ce shekararta 105, haihuwarta ta koma 1919, ta haifi auta tana da 59 ke nan. Wannan ba ya yiwuwa a al'adar jikin mace, haihuwa bayan 50 ma abu ne mai wuyar gaske.

Sannan a tambayi da wace kalanda ake ƙirga mata. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shekara 33 na Hijira daidai suke da kusan 32 na Miladiyya. Mai shekara 90 a Miladiyya tana da kusan 93 a Hijira. Idan an samu shekarar Hijira a rubuce, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali 1360 ta ba da 1941.

Zulaihat:
Allah ya ƙara girma Baba. To idan an riga an sanar da 110 a ranar rasuwa, manyan gida kuma sun kafe a kai fa?

Baba Ɗanjuma:
Ba sai an yi faɗa ba 'yata. A rubuta duka biyun: "iyalinta na ƙiyasta ta kai 110, abin da takardun 'ya'yanta suka nuna shi ne an haife ta tsakanin 1937 da 1940." Mai karatu zai gane. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙirƙiri rana da wata don shafin farko ya yi kyau. Jikan jikanta zai ɗauka gaskiya ce ya gina nasa lissafin a kai.

Malam Habibu:
Mu koma hirar. Babbar matsalar tarihin irin waɗannan mata ita ce aikinsu ba ya barin takarda. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da mutane wanda ba a biya. Ba rasit, ba wasiƙar ƙarin girma, ba ranar ritaya. Abin da ya rage yana cikin kawunan mutane, kuma yadda aka yi tambaya shi ke fito da shi ko ya binne shi.

Idan ka ce wa tsohuwa "wace irin mutum ce marigayiya?" amsar ɗaya ce: mai haƙuri, mai kyauta, ba ta da abokin faɗa. Mutum ashirin za su ba ka wannan jimlar, ka koma gida da shafi guda. Tambayar da ke aiki ita ce mai rana da wuri da abu. "Ranar da kika fara ganinta, ina ne, me take yi?" "Lokacin da ta kwana da ke a asibiti, a ina ta kwanta, wa ya riƙe mata nata yaran?" "Me ke cikin jakar da take fita da ita?" Tambayar jakar nan kaɗai kan buɗe rabin awa na magana, don mutum ya fi tuna abin da ya gani da ido a kan halin da aka ce ya siffanta.

Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa guda, gara a dawo sau biyu. Da hantsi ya fi, kafin gajiya. Mutum ɗaya a lokaci ɗaya, don in aka haɗa yaya da ƙanwa, ƙanwar za ta yi ta cewa "haka ne" ko da ta san ba haka ba ne. Idan mai magana ta yi shiru, kada a cike mata shirun, a ƙirga zuwa goma a zuci. Abin da ke biyo bayan shirun shi ne yawanci abin da aka zo nema. In ta faɗi shekarar da ka san kuskure ce, kada ka gyara ta a wurin, rubuta a gefe ka bincika daga baya. Da zarar ka gyara tsohuwa sau ɗaya sai ta koma ba ka amsa gajeru.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun lura tsofaffi sun fi tuna abin da ya faru tsakanin shekarunsu 10 zuwa 30. Saboda haka ƙawayenta za su ba ka ƙuruciya da farkon aure tiryan-tiryan, amma hidimar da ta yi tana da 60 sai ka nemi waɗanda a lokacin suke matasa. Shi ya sa na ce kashi uku.

Nura:
Na'ura kuma ba sai an sayi komai ba, waya ta isa in an kiyaye abu kaɗan. A sa ta a yanayin jirgin sama don kira kada ya yanke ɗauka. A ɗora ta kan zane mai ninki ko matashi, ba kan tebur tsirara ba, don katako na ɗaukar kowane motsi. Tazara daga bakin mai magana kamar taƙi ɗaya zuwa biyu, gindin wayar inda makirfo yake yana fuskantarta. A kashe fanka da talabijin. Kunnenka ya saba da ƙarar fanka har ba ka jin ta, makirfo bai saba ba, kuma muryar tsohuwa ƙasa-ƙasa take. Ɗakin da ke da labule da katifa ya fi falo mai tayil, don amsa-kuwwa. A ɗauki daƙiƙa 30 na gwaji a saurara da abin kunne kafin a fara.

Kada a yi hirar da maɓallin saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti sosai. A yi da manhajar rikoda, a zaɓi WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, in akwai. Awa guda na WAV a 48 kHz, bit 16, layi ɗaya, kusan megabait 350 ne. MP3 a 128 kusan 60. A ajiye WAV ɗin a matsayin uwa, a fitar da MP3 don rabawa dangi. Farkon kowace ɗauka mai tambaya ya faɗi rana, wuri, sunansa da sunan wadda yake hira da ita, don sunan fayil na iya canjawa, abin da ke cikin muryar ba ya canjawa.

In an samu tsohon kaset mai muryarta, abu na farko a ɓalle 'yan haƙoran robar nan biyu na samansa don kada wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure. A duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, yakan faɗi in gam ɗinsa ya bushe, in babu shi sauti ba zai fito daidai ba. A juya shi da biro a ga ko zaren na tafiya. A fara gwada rediyon da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, don tsohuwar na'ura kan cinye zare, musamman na kaset mai minti 120 (C120) mai siriri. In an ga farin fumfuna a jikin zaren, kada a kunna sam, a kai wa masu gyaran irinsa. Kuma kunnawar farko ta zama ita ce ta kwafewa.

Anti Saratu:
Tunda an bar mu a ƙarshe, bari mu masu hotuna mu yi magana. Na yarda hoto zai jira, amma sunayen da ke cikin hoton ba za su jira ba. Ku tafi hirar da hotunan a hannu. Hoton taron mata goma sha biyu a gaban wani gini, in tsohuwar da ta san su ta tafi, ya zama hoton baƙi. A ɗora takarda mai shara-shara a kai, a zana kawunan, a sa wa kowane lamba, a rubuta sunayen a ƙasa.

Abin da ke kashe hoto yawanci gyaran masu shi ne. Laminatin shi ne na ɗaya: zafi da gam, kuma ba a warware shi har abada. Salatif kan bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Roba mai ɗaure kuɗi kan narke ta manne. Ƙusar sitefula kan yi tsatsa ta ci takarda. Biro a bayan hoto kan fito ta gaba, ko tawadar ta shafi na ƙarƙashinsa, don haka fensir mai laushi kawai, 2B zuwa sama, a rubuta a gefe ba tare da dannawa ba. Tsohon albam mai shafi mai danƙo da leda a sama, gam ɗinsa kan rina hoto. In hoton ya ƙi tasowa a zura zaren sakace haƙori a ƙarƙashin kusurwa a ja a hankali kamar ana yanka, in ya ƙi a bar shi a ɗauke shi a yadda yake. Wanda ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A yi sikanin ta cikin gilashin.

Sikana: digo 600 a kowane inci ga hoto na yau da kullum. Mai santimita 10 da 15 zai ba da digo wajen 2400 da 3600, in TIFF ne, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba a matse ba, kusan megabait 25. Ƙaramin hoton fasfo, wanda sau da yawa shi kaɗai ne hoton ƙuruciyarta, a yi shi a 1200. A 300 zai fito digo 413 da 531 kacal, in aka faɗaɗa shi a bangon littafi sai ya dushe. A 1200 kuwa zai kai santimita 14 da 18 lafiya. A yi sikanin bayan hoton ma, tambarin mai hoto da rubutun hannu kan ba da shekara. In ba sikana sai waya, a yi a inuwa kusa da taga, ba filasha, wayar a miƙe daidai saman hoton. Wajen turawa a WhatsApp a tura a matsayin takarda (Document), in ba haka ba zai matse shi.

Takardunta kuma, katin asibiti, katin ƙungiya, littafin da take rubuta waɗanda suka karɓi taimako, a fara da rasit na takarda mai santsi irin ta injin kanti, don rubutunta kan goge da kansa. Yankin jarida a ware shi daban, yana da sinadarin da ke rina maƙwabcinsa. Ajiya a wuri busasshe, sama da ƙasa, nesa da bangon da ke tsattsafo. Laima in ta wuce kashi 65 cikin ɗari fumfuna kan fara.

Malama Hadiza:
Anti ta ambaci littafin waɗanda suka karɓi taimako. Wannan shi ne zuciyar tarihin, kuma shi ya kamata ya fi yawa a abin da za a buga.

Hajiya Rakiya:
A nan kam ban bi ki ba Malama. Matar da ta kai wa gida abinci da dare don kada maƙwabta su gani, ta biya wa yaro kuɗin makaranta ta ce kada a gaya wa ubansa daga ina ya fito, da gangan ta ɓoye. Sirrin ma ba nata ba ne ita kaɗai. Yaron nan yau magidanci ne da 'ya'ya, matar da aka sasanta da mijinta tana nan da surukai. Ku buga littafi ku raba a taro, kowa ya karanta cewa gidan wane sun kwana uku ba su ɗora tukunya ba a shekara kaza? Ta rufa musu asiri tana raye, jikokinta su tona bayan ranta da sunan girmama ta?

Malama Hadiza:
Ranki ya daɗe, ban ce a tona kowa ba. Amma in aka cire wannan gaba ɗaya, me ya rage? Shafi talatin na "mai haƙuri ce, mai kyauta ce", wanda za a iya cire sunanta a sa na kowace tsohuwa. Jikar da ke son ta gaje ta ba za ta koyi komai daga nan ba. Abin koyo shi ne yadda ta yi: yadda take gane gidan da ke cikin matsi ba tare da an faɗa mata ba, wa take aika, me take cewa a bakin ƙofa don kada mai gida ya ji kunya. Ana iya rubuta duk wannan ba suna. A ce "wata maƙwabciya", a cire sana'ar mijin da yawan 'ya'yan, don a ƙaramar unguwa waɗannan ma suna ne. Adadi kuma ba ya tona kowa: in littafinta ya nuna yara kaza ta saka a makaranta tsakanin shekara kaza da kaza, a rubuta adadin.

Malam Habibu:
Masu tattara tarihin baka suna da hanyar da suke bi a nan. Kafin a fara ɗauka a gaya wa mutum abin da za a yi da maganarsa, a ba shi zaɓi uku, ya faɗi nasa da bakinsa cikin rikodin: a buga da sunana, a buga ba sunana, ko a ajiye kada a buga sai bayan shekara kaza ko bayan raina. Kafin a kai ɗab'i a karanta masa sashensa, yana da ikon janyewa. Wanda ya rasu ko ba a same shi ba, a ɗauka bai yarda ba.

Hajiya Rakiya:
Wannan na yarda da shi, da sharaɗi ɗaya. Shi littafin nata na asali mai sunaye kada a yi masa sikanin a zuba a zauren dangi. Mutum ɗaya amintacce ya riƙe. Abin da ya shiga waya arba'in ya fita hannu.

Zulaihat:
To halayenta da ba na yabo ba fa? Wasu tsofaffin masu hidimar nan akwai faɗa da kafiya.

Malama Hadiza:
A sa. Matar da ta iya tsayawa a gaban jami'i ta ƙi tafiya sai an duba mara lafiyar da ta kawo, ba mai sanyin hali ba ce, kuma kafiyar nan ce ta biyo ta gida. Jikoki sun san tana faɗa, in littafi ya ce ba ta taɓa ɗaga murya ba za su daina yarda da sauran shafukan. Iyakar ita ce rigimar da ɗaya ɓangaren ke raye ko 'ya'yansa, irin ta kishi ko gado. Wannan a bar ta a rikodi.

Girman littafin kuma kada a zarce. A5, wato rabin takardar A4, shafi 32 ya isa. In ɗinkin sitefula ne a tsakiya, dole yawan shafuka ya rabu da huɗu, 28, 32, 36, in ba haka ba maɗaba'a za ta cike da farare. Rubutu mai girman 12 ko 13 saboda idon tsofaffi, shafi zai ɗauki kalma wajen 250. Shafi ashirin na rubutu kalma 5,000 ke nan, sauran hotuna da jadawalin zuri'a. Hirar awa guda kuwa kan kai kalma 7,000 zuwa 9,000, kuma rubuta ta kan ci awa huɗu zuwa shida. Hira goma aikin awa hamsin ne, a nan yawancin iyalai ke sarewa. Ba sai an rubuta duka ba. A saurara sau ɗaya ana rubuta minti da batu, "12:40 jinyar shekarar ambaliya", sannan a kwafe wuraren da za a buga kawai, da kalmomin mai maganar, kada a mayar da su harshen jarida. Kowane labari a sa wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In biyu sun saɓa a kawo duka.

Baba Ɗanjuma:
A ba mutum biyu da ba su rubuta ba su duba sunaye kafin ɗab'i. Jika ɗaya da aka manta a jadawalin zuri'a ya isa ya sa reshe guda su ƙi karɓar littafin.

Hajiya Rakiya:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya fi littafi gaggawa: mutanen da ke jingine da ita. Ranar da ta rasu akwai tsohon da ita ke tuna masa ranar komawa asibiti, akwai yarinyar da zangon karatu na gaba ba wanda zai biya mata. Ba za su zo su faɗa ba, don da ita suka saba, ba da ku ba. Littafin makoki da jerin kiran da Nura ya ambata su za su nuna su. A wata na farko a rubuta wa ke karɓar me, duk yaushe, da abin da zai faɗo nan kusa.

Abin da ke faruwa kullum shi ne, cikin zafin rashi a yi taro a ce an kafa gidauniya da sunanta, kowa ya yi alkawari mai nauyi, shekara ta biyu mutum biyu suka rage suna jin haushin sauran. Dalili, an ɗauka kuɗi take bayarwa, alhali yawancin abin da take bayarwa lokaci ne da ƙafa. A lissafa aikinta da awa. In a mako tana ziyarar gida shida, kowanne awa ɗaya da rabi har da tafiya, awa tara ke nan, ba ma'aikacin da zai ɗauka shi kaɗai. Mutum shida kuwa kowa gida ɗaya, zai yiwu. A zaɓi abu ɗaya ko biyu cikin ayyukanta, a yi alkawarin shekara ɗaya, a sake zama a duba. In akwai kuɗi a ciki, sa hannun mutum biyu daga ɗaki daban-daban, da littafin shige da fice da ake karantawa duk wata uku. Sauran da ba za a iya ba, a je a gaya wa mutanen da baki, a haɗa su da wata ƙungiya in akwai. Kada a bar su suna jiran sallamar da ba za ta zo ba.

Nura:
Ajiyar fayilolin: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Misali kwamfuta, faifan ajiya na waje, da ma'ajiyar intanet. Filas da memori ba wurin ajiyar shekaru ba ne, in suka daɗe ba a jona su a na'ura ba bayanan kan lalace, faifan CD da aka ƙona a gida ma haka. Duk shekara a buɗe a gwada, duk shekara biyar a kwafe zuwa sabon faifai. Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai batu, kamar 1974-03 taron mata, don su jeru da kansu. Lambar sirrin ma'ajiyar mutum biyu su sani. Littafin kuma a ajiye PDF ɗinsa tare da ainihin fayil ɗin da aka tsara shi.

Anti Saratu:
Kuma a yi sikanin komai kafin a raba kayanta, ba bayan an raba ba. Da zarar akwati ya buɗe, wannan ta ɗauki hoton aure, wancan ya tafi da katin ƙungiya wani gari, sake haɗa su sai an yi shekara ana kiran waya. A ba mai sikana mako biyu da akwatin a kulle, a sa wa kowane abu lamba da fensir, a rubuta a takarda ɗaya lamba kaza tana hannun wane. Wanda bai samu na asali ba a wanke masa kwafi a takardar hoto ta gaske, ba ta firintar ofis ba, don tawadar ofis kan koɗe in haske na dukanta.